Kwanon Zumar Ishaya

To, a yi wa Annabi salati, a gyara zama. Labarin Yusha'u ne, ɗan Saje Ɗan'azumi, wanda mutanen Zuru ke kira Lauya kamar ba a raɗa masa suna ba.

A Rikoto anka haife shi, shekarar da ubansa ya dawo daga soja da akwatin ƙarfe da ƙafa mai ɗingishi. Saje mutum ne marar magana. Shekara ashirin da biyu ya yi cikin kaki, amma har ya koma ga Allah ba wanda ya taɓa ji daga bakinsa ga inda anka kai su, ga abin da sunka gani. In an tambaye shi sai ya ce, "Aiki ne," ya ja bakinsa. To wanga hali shi Yusha'u ya kwaso, kaf, har da yadda ake ɗaure fuska.

Uwarsa kuwa, Inna Fadima, mai daddawa ce. Mace mai ibada, mai zumunci, irin wadda in ba ta gan ka kwana uku ba sai ta yafa mayafi ta zo ta ji ko lafiya. Boko ko baƙi ɗaya ba ta sani ba. Yusha'u shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunansa. Yana ƙarami "kai wanga" take cewa. Da ya zama Lauya sai ta samu sauƙi.

Da daddawar nan da fanshon Saje anka yi karatun. Daga Zuru sai Sakkwato, daga nan sai makarantar lauyoyi, har Allah Ya sa gwamnatin tarayya ta ɗauke shi. Aikinsa kuwa, yawancin mutane ba su gane shi ba. Ba shi ke kama mutum ba, ba shi ke ɗaure shi ba. Shi dai in an kamo mai babban laifi, mai safarar bindigogi ko ƙwaya, ko mai hulɗa da 'yan bindigar daji, sai a miƙa masa takardu. Ya sa baƙar riga da hular nan mai kama da gashin tunkiya, ya tsaya gaban alƙali ya ce ga abin da wane ya yi, ga kuma wanda ya gani da idonsa. In akwai wanda ya gani, to. In babu, ko duk duniya ta san mutum ya yi, sai dai a buɗe masa ƙofa ya fita.

Mutanenmu fa ba su san wannan ba. Su dai sun ji ɗan Inna Fadima na tsayawa kusa da alƙali. Sai anka mai da gidanta wurin zuwa. Wannan ya zo da rago, wannan da buhun shinkafa, wannan da turmin atamfa, kowa da ɗan'uwansa da ke tsare. Yusha'u ya zo gida ya kafa doka biyu. Ta farko, kada a karɓi komai daga hannun mai roƙo. Ta biyu, kada a tambaye shi zancen aiki. Inna ta riƙe duka biyun da tsoron Allah. Akwai ranar da ta kori wani alhaji da ragonsa har bakin titi, ragon na tirjiya, alhajin na ja, tana cewa, "Ku je can, ni ban haifi alƙali ba." Unguwa ta yi wata guda tana dariyar abin.

Shekara goma sha ɗaya ya yi a haka, ba wanda ya taɓa nuna shi da yatsa. Sai shari'ar Jabiru Mai Jarka ta faɗo hannunsa.

Jabirun nan ɗan kasuwa ne, yana da rumfunan sai da fetur a jarka tun daga tashar Zuru har Ribah, har hanyar Wasagu. Kowa ya san abin da ake raɗawa a kansa. Mutanen daji da ke zuwa bisa babura su kashe, su kora shanu, su kwashi mutane, ai baburan nan ba ruwa suke sha ba. Wani ke kai musu mai, da burodi, da abin da ya fi burodi. Da jami'an tsaro sunka kama shi, gari ya yi ta hamdala. Amma da anka ce wa zai tsaya ya ce na gani, sai kowa ya sunkuyar da kai. Mutum tara anka rubuta sunansu, takwas sunka janye. Wani ya ce idonsa ba ya gani sosai, wani ya ce ranar yana Yawuri.

Saura ɗaya. Wani dattijo manomi, Ishaya, a wani ƙauye bayan Ribah. Gonarsa ce ta ƙarshe kafin daji, akwai wata tsamiya a bakinta. Sau huɗu yana ɓoye cikin dawa yana kallon Jabiru da kansa yana sauke jarkoki da buhuna a gindin tsamiyar nan, mutanen daji na karɓa. Bai faɗa wa kowa ba. Da kaka ta yi, mutanen sunka shigo ƙauyen, sunka harbe ɗansa Mika yana ɗaurin dawa. Daga ranar Ishaya ya ce shi kam zai yi magana.

Irin wagga shari'a ba a bayyana mai shaida. Labule ake sawa a kotu, ya zauna baya, a kira shi shaida na kaza, ba suna. A takardun kotu ma ba a rubuta sunansa. Rayuwar Ishaya kaf a kan abu guda take rataye: kada wani mahaluki a ƙasar Zuru ya san akwai abin da ya haɗa shi da Lauya. Shi ya sa ba su taɓa haɗuwa a Zuru ko Ribah ba. Can Kontagora suke zuwa, gidan wani abokin Yusha'u, kowa ya shigo ta hanyarsa.

A haɗuwarsu ta biyu, da sunka gama aiki, Ishaya ya tsura masa ido ya ce, "Ɗana, bakin nan naka na gida ne. Kai ɗan wa ne a Zuru?"

To dattijo ya tambaye ka ubanka, ka ce masa mi? Yusha'u ya ce, "Ɗan Saje Ɗan'azumi ne, na Rikoto."

"Mai ɗingishi? Allah Ya jiƙansa. Mahaifiyarka tana nan?"

"Tana nan, Baba."

"Madalla. Ta yi tarbiyya."

Yusha'u ya ce, "Baba, kada ka manta fa. Ko a kasuwa ka gan ni, ba ka san ni ba. Ko na yi atishawa kusa da kai, kada ka ce komai."

Ishaya ya yi dariya har haƙoransa biyu da sunka rage sunka fito. "Ni zan koya maka riƙe baki, yaro. Kuma kada ka damu da ɗage shari'ar da suke ta yi. Shekara bakwai na yi ina golmo, ina noma wa uban matata Alice gona kafin a ba ni ita. Jira bai taɓa kashe ni ba."

Yusha'u ya ce masa kada ya san shi. Bai ce masa kada ya san uwarsa ba. Ko a ransa abin bai zo ba.

Da ƙaramar Sallah Yusha'u ya zo gida. Da hantsi Inna ta dama masa kunu, ta jawo wani kwano mai murfi, fari da baki shuɗi, ta ɗebo zuma ta zuba masa. Zuma baƙa, mai kauri, irin ta amya.

Ya ce, "Inna, ina kika samo wagga zuma?"

"Wani bawan Allah ne ya kawo, ranar kasuwa. Kafin ka ɗaure mini fuska, ba roƙo ya zo ba. Na tambaye shi wa ke gare shi a tsare, ya ce babu. Ya ce shi dai ya shigo gari ne, kuma bai iya wuce ƙofar uwar mutumin kirki bai gaishe ta ba. Ko ruwa da ƙyar ya sha."

Matan ƙauyukan nan suna da wata al'ada, sukan sa a rubuta musu suna da fenti a gindin kwano, don kada ya ɓace a taron biki ko na coci. Yusha'u ya ɗaga kwanon ya leƙa. Da jan fenti anka rubuta: Alice Ishaya.

Yusha'u ya kasa ƙarasa kunun. Ya aje kofin. Ya ce, "Wa ya gan shi da ya shigo?"

"Wa zai gan shi? Ranar kasuwa mutum nawa ke shigowa sayen daddawa?"

Hankalinsa ya ɗan kwanta. Sannan ya tuna da uwar da ta haife shi. A wurin Inna Fadima, kai, a wurin kowace mace mai mutunci a ƙasar nan, in an kawo maka abu a kwano, kwanon nan komawa zai yi, kuma ba ya komawa wofi. Ko gyaɗa ce sai ka zuba. Wanda ya riƙe kwanon mutane ko ya mai da shi ba komai, to ya ce ba ya son zumuncin ke nan.

Ya ce, "Inna, kwanon nan kada a mai da shi."

Ta dube shi. "Don mi?"

Nan ne fa. Kalma biyar da ta isa. Da ya ce mata ran mutum ne a ciki, da ta haƙa rami ta binne kwanon da hannunta. Amma shekara goma sha ɗaya bai taɓa buɗe mata zancen aiki ba, kuma ya yi rantsuwa a ofis sunan nan ba zai fito daga bakinsa ba. Ga ƙannensa mata suna kai da kawowa a tsakar gida, ga maƙwabta na shigowa barka da Sallah. Sai ya ji bakin Saje ya fito daga nasa.

"Aiki ne."

"Aiki? Kwanon ma aiki ne? So kake a ce uwar Lauya ta cinye zumar talaka ta haɗa da kwanonsa?"

"To ba ni shi, ni zan kai."

"Da zumar a ciki? Kai Lauya, ka taɓa ganin an juye kyautar mutum ranar da anka buɗe ta, kamar ana korar sa? Bari ta ƙare. In ka dawo na cika shi, ka kai da kanka, tunda yau kai ne mai rabon kwanukan mata."

Ƙannensa sunka fashe da dariya. Shi ma ya yi murmushin dole. Ya ce a ransa, sati biyu ne, ranar shari'a na zuwa, in Ishaya ya ba da shaida za a ɗauke shi daga ƙauyen gaba ɗaya. Ya ma riga ya rubuta takarda yana neman a sauya wa dattijon wurin zama. Ya sa takalmi ya koma birni ya bar kwano.

Sati biyun nan sai ya zama shida. Ranar farko anka ce alƙali ya yi tafiya. Ta biyu anka ce ba motar da za ta kawo Jabiru daga gidan yari. Takardar sauya wuri kuwa tana kan teburin wani, an ce ana dubawa. Yusha'u bai samu zuwa gida ba, wasu shari'u uku sunka danne shi. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci yakan kira Inna. Sau biyu yana cewa yau zai faɗa mata. Amma Inna kunnenta ya yi nauyi, sai an buɗe mata muryar waya take ji, kuma kullum tana tsakiyar mata masu taya ta gyaran kalwa. Abin da ya faɗa, mace shida za su ji. Sai ya tambayi lafiyar ƙafarta ya kashe.

Ita kuwa zuma ta ƙare tun sati na biyu. Ta wanke kwano ta kife a kan randa. Kullum ta zo ɗiban ruwan alwala sai ta gan shi. Wata ya mutu, wani ya kama. Abin ya riƙa cin ta. Mutum ya taso tun daga bayan Ribah ya gaishe ta, yanzu matarsa na can tana neman kwanonta, tana cewa mi? Ranar wata Laraba ta ce kai, yaron nan aiki ya yi masa yawa, bari in sauke masa wanga nauyi. Ta cika kwanon da daddawa mai kyau, ta ɗora ƙuli-ƙuli a sama, ta ɗaure da sabon ƙyalle. Ta taka har tasha da ƙafarta mai ciwo.

A tashar akwai Philip, ɗan kabu-kabu mai zuwa Ribah, magidanci mai 'ya'ya biyar. Mutumin kirki ne, wallahi, ko allura ka ba shi sai ta isa. Bakinsa ne kawai ba ya rufuwa. Ta ce ya kai wa wani Ishaya mai zuma, ya ce uwar Lauya ta gode, Allah Ya bar zumunci.

Philip ya ɗaure kwano a bayan babur, ya tsaya shan mai a rumfar bakin tasha. Mai rumfar ƙanen Jabiru ne. Ya ce, "Philip, mi ke wari haka? Ka koma sai da daddawa?"

"Kai, rufa mini baki. Yau ni ɗan aiken manya ne. Uwar Lauya ce da kanta ta ba ni saƙo wurin Ishaya na bakin tsamiya."

"Ishaya? Mi ya haɗa Ishaya da gidan Lauya?"

"Oho. Zumunci, in ji ta."

Mai rumfa ya zuba masa mai ya sallame shi. Wata biyar mutanen Jabiru suna neman wanda ke bayan labule.

Ranar Juma'a Yusha'u ya kira. Inna ta ɗauka da murna. "Lauya, na hutar da kai. Kwanon nan ya koma tun shekaranjiya. Na ba Philip."

Ta ƙara ɗaga murya.

"Kana ji na? Ko sabis ne?"

Ya ce, "Ina ji, Inna." Ya kashe.

Ya kira wayar Ishaya sau ya fi ashirin, ba ta shiga, ƙauyen sai an hau dutse ake samun sabis. Ya ruga wurin ogansa, ya ce a ba shi mota da mutane yanzu-yanzu a ɗauko shaida. Oga ya ce yau Juma'a, an tashi, wanda zai sa hannu sai Litinin. Ya kira wani jami'i da ya sani a can yankin, anka ce sun fita aiki wajen Wasagu. Da asuba ya yi sallah ya ɗauki motarsa shi kaɗai. Ya aje ta a Ribah, ya sa tsohuwar riga, ya hau babur, don mota ba ta shiga hanyar.

Rana ta take tsaka ya isa. Tun daga nesa ya ji waƙar coci, irin mai sanyin nan. Ya ce wa mai babur ya tsaya.

An yi ruwan farko a satin. Jiya da safe Ishaya ya fita shuka. Da bai dawo cin abinci ba, matarsa ta bi shi. A gindin tsamiyar ta same shi an kashe shi, da ƙwaryar iri a gefensa ko zubewa ba ta yi ba. Ba su ɗauki komai ba, ko fartanya. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yusha'u ya tsaya bayan mutane kamar baƙon da hanya ta biyo da shi. Anka sa dattijo a rami anka rufe. Yana shirin juyawa sai ya ji an taɓa masa hannu. Wata tsohuwa ce 'yar ƙarama, da baƙin ɗankwali, idonta a bushe ƙamas.

Ta ce, "Kai ne ɗan mai daddawa."

Bai iya musu ba. "Ni ne, Mama."

"Ya ce mini kana da tsawo. Tsaya nan."

Ta shiga ɗaki ta fito da kwanon. An wanke shi tas. Ta miƙa masa. Ya buɗe murfin, ba komai ciki.

Ya ce, "Mama, ai naki ne."

"Na sani. Ni na sa anka rubuta. Ya ci daddawar sau biyu, ya ce ta fi tawa. Ka gaya mata." Ta gyara ɗankwali. "Na ba da ɗa, na ba da miji. Ba ni da sauran abin zubawa. Ka tafi kafin a gane ka, kada su ce ni ma na ga wani abu."

Ranar Talata anka zauna kotu. Wannan karon alƙali ya zo, mota ta samu, an kawo Jabiru cikin farar shadda. An ma ɗaura labulen, an aje kujera a baya. Alƙali ya ce, "Mai gabatar da ƙara, kira shaidarka."

Yusha'u ya miƙe. Ya ce, "Ya mai shari'a, shaidan ya rasu." Ya roƙi a karɓi bayanin da dattijon ya bari a rubuce, wanda ya dangwala wa yatsa. Lauyan Jabiru ya tashi a hankali, ya ce shi yana da tambayoyi da yawa da zai yi wa shaida, to takarda za ta amsa masa? Anka yi ta ja har azahar. A ƙarshe alƙali ya ce hannunsa a ɗaure yake, ba a kawo abin da zai riƙe mutum da shi ba. Ya sallami Jabiru. Wani ma'aikaci ya zo ya kwance labulen ya naɗe.

A bakin matakala Jabiru ya tsaya, 'yan'uwansa kewaye da shi. Ya ga Yusha'u ya fito da takardu a hammata. Ya ɗaga masa hannu da fara'a.

"Lauya, sannu da ƙoƙari. Aiki ne, ba gaba. A gaida mini Inna."

Da yamma ranar anka kawo masa takarda a ofis. An amince a sauya wa shaida na tara wurin zama.

Ya kai kwana goma bai je Zuru ba. Da ya je, ya sami Inna ita kaɗai a tsakar gida tana jan carbi bayan la'asar. Ya aje kwanon gabanta. Ta gane shi. Ta buɗe, ta leƙa, ta sake leƙawa.

"Wofi? Kuma sun dawo mini da nasu? Lauya, mi na yi musu? Daddawar ce ba ta yi ba?"

Ya zauna ƙasa kamar yadda yake yi yana yaro. Ya faɗa mata. Tun daga tsamiya har labule, har rumfar bakin tasha. Bai taɓa yi mata magana mai tsawon wannan ba tunda ta haife shi. Carbin ya tsaya a hannunta.

Da ya gama ya ce, "Ba laifinki ba ne, Inna. Ni ne."

Ta rufe kwanon. Sannan ta ce, "Na kori rago saboda kai. Na kori shinkafa, na kori matar limamin unguwa da ta zo roƙo, har yau ba ta gaishe ni. Duk abin da ka ce na yi, ban tambaye ka dalili ba. Sau ɗaya tak na ce maka don mi." Muryarta ta karye. "Ubanka ya yi mini 'aiki ne' shekara talatin, na haƙura, don bai taɓa sa hannuna cikin jinin kowa ba. Kai ka sa, Yusha'u."

Ranar ce ta fara kama sunansa. Da ma ta bar shi a Lauya.

Ta yi azumi, ta yi sadaka, ta tambayi malamai ko akwai kaffara a kanta, sunka ce babu, ba ta sani ba. Bai sanyaya mata rai ba. Ta so ta je wa Alice ta'aziyya, ya ce in ta je ta ƙara jawo wa tsohuwar ido. Wagga karon ya faɗi dalili. Ta zauna. Philip kuwa da labari ya kai masa, ya bar hanyar Ribah ɗungum, ya koma hanyar Dabai. Jabiru ya dawo ya ƙara rumfa biyu. Waɗanda sunka yi hamdala ranar da anka kama shi, su ne sunka fara zuwa yi masa barka, kuma wa zai ga laifinsu? Kowa yana da gona a bakin daji.

Yusha'u bai bar aiki ba. Har gobe yana sa baƙar rigar yana tsayawa. An ce ya fi da iya aikin ma, sai dai ba ya dariya, kuma in dattijo ya tambaye shi ɗan wa ne, sai ya ce shi ba ɗan ko'ina ba ne. Furfura ta cika masa kai bai kai hamsin ba.

Da babbar Sallah ta zo ya je gida. Washegarin yanka, ana ta shigowa da kwanukan nama kamar yadda anka saba, wannan daga gidan wane, wannan daga gidan wance. Sai ga wata mata da ba a sani ba ta yi sallama, ta aje wani sabon kwano babba, mai nauyi, ta ce an ce a kawo wa Inna, ta juya ta fita kafin a tambaye ta.

Inna ba ta taɓa shi ba. Ta dubi ɗanta.

"Duba gindinsa. Ka karanta mini. Da ƙarfi."

Ya ɗaga kwanon, naman ciki har da ɗumi. Da koren fenti anka rubuta. Ƙannensa na nan tsaye, da maƙwabta biyu. Ya dube su, ya dubi uwarsa.

Ya ce, "Hamdiyya Jabiru. Matarsa ce."

Inna ta jawo carbinta.

Ta ce, "Fitar da shi. Ka aje a bakin titi yadda ya zo, da murfinsa. Wanda ya kawo ya san hanya."

Ya ɗauka ya fita. Ya aje shi a inda kowa zai gani, ya tsaya a kansa ɗan lokaci, mutane na wucewa suna kallo. Da ya dawo ya tarar ta shiga ɗaki ta ja ƙofa. Kwanon Alice na nan kife a kan randa, inda take ganinsa sau biyar a yini.